Yaya malamin jami'a zai koyar da siyasa alhali gari yana tafasa?

Sabon Malami:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun makon jiya, kuma na ga ya fi dacewa in kawo shi gaban waɗanda suka riga ni shan ƙurar alli. Shekarata uku da fara koyarwa a sashen kimiyyar siyasa na wata jami'a a Arewa, kuma a wannan zangon an ba ni kwas ɗin 'yan aji biyu da ya shafi gwamnati da siyasar Najeriya. A cikin manhajar akwai mako guda da aka keɓe wa dangantakar sarakunan gargajiya da gwamnati, kuma duk wanda ya san wannan fage ya san ba a yin wannan darasi a tsallake Kano.

Na bi tarihin kamar yadda yake. Na fara da 1963, lokacin da binciken da gwamnatin Sardauna ta sa aka yi a kan kuɗin En'e ta Kano ya kai ga saukar Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya da komawarsa Azare. Na zo kan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero a 1981 da tarzomar da ta biyo baya. Daga nan na ambaci ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a 2019, da tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ranar 9 ga Maris 2020, da soke waccan doka da mayar da shi kan karaga a watan Mayun 2024, yayin da Sarki Aminu Ado Bayero ya sauka a gidan Nassarawa, magana ta koma kotu. Abin da na rufe darasin da shi shi ne, tun zamanin Turawa ikon naɗi da tuɓewa yake hannun gwamnati, kuma gwamnatoci dabam-dabam sun yi amfani da shi a lokacin da ya yi musu daidai. Ban ware kowa ba.

Kwana biyu bayan haka wani abokina ya turo mini bidiyo na daƙiƙa arba'in da aka ɗora a Facebook, an yanko daidai inda nake magana a kan 2020, an rubuta a ƙasa cewa malamin jami'a ya tona asirin tsohuwar gwamnati. Kafin magariba sai ga wani bidiyon daga wata kusurwar ɗakin, shi kuma an yanko inda nake magana a kan 2024, an ce malamin jami'a ya caccaki gwamnati mai ci. Lacca ɗaya ce, ta sa'a biyu, amma kowane ɓangare ya ɗebi abin da yake so ya bar sauran. Shugaban sashenmu ya kira ni, bai ba ni takardar tuhuma ba, sai dai ya ce mini cikin girmamawa in riƙa tsayawa a kan abin da aka ɗauke ni in koyar.

Yanzu idan na shiga ɗakin, masu jar hula, wato 'yan Kwankwasiyya, suna zaune gefe guda, abokan hamayyarsu suna ɗaya gefen, wayoyi kuma a ɗage. Darasin da ke tafe juyin mulki ne, na bayansa kuma zaɓe, ga shi guguwar 2027 ta fara kaɗawa. Shin in tsayar da tarihin a 1999 in huta? Ko in ci gaba kamar ba abin da ya faru? Ina tsoron abu biyu daidai wa daida: in jefa kaina cikin rigimar da ba ni da gatan fita daga cikinta, ko kuma in zama malamin da yake karanta wa yara tsohuwar takarda alhali amsar tambayarsu tana bakin ƙofar makaranta.

Tsohon Malami Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Da na karanta maganar da shugaban sashenku ya gaya maka sai da na yi murmushi, domin wannan magana ta girme ka. Bayan da 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ranar 23 ga Mayun 1986, gwamnatin Babangida ta kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, kuma abin da aka fi tunawa da shi daga rahotonsa shi ne zargin cewa wasu malamai ba sa koyar da abin da ake biyansu su koyar. Aka bar wanda ya ɗana kunamar bindiga, aka koma kan mai riƙe da alli. Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, aka saka shi jirgi zuwa Landan. A shekarar aka haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, aka tsare shugabanninta, ciki har da Attahiru Jega. A 1989 aka kori Dakta Yusufu Bala Usman daga aiki, sai kotu ce ta mayar da shi. A zamanin Abacha kuwa, a 1995, janar na soja, Mamman Kontagora, aka kai ya riƙe jami'ar ta Zariya shi kaɗai. Na jero maka waɗannan ne domin ka san cewa ba kanka farau ba, kuma waɗanda suka gabace ka sun ga abin da ya fi bidiyon daƙiƙa arba'in.

Amma kada in yaudare ka, akwai inda naku ya fi namu wuya. A zamaninmu mai kai rahoto mutum ɗaya ne ko biyu, yana zama a layin ƙarshe da ƙaramin littafi, kuma mukan gane shi saboda ba ya fashin lacca amma ba a taɓa ganinsa a ɗakin jarrabawa ba. Ɗalibai da malamai muna gefe guda, soja yana ɗaya gefen. Kai kuwa rigimar a cikin ɗakinka take, masu ɗaukar ka a waya 'ya'yanka ne, kuma ba gwamnati suke kai wa rahoto ba, jama'ar gari suke kai wa, wadda ba ta da ofishin da za ka je ka yi bayani.

Shawarata ta farko, kada ka tsaya a 1999. Yaron da aka haifa bayan 2003 bai taɓa ganin mulkin soja ba, siyasar da ya sani ita ce wadda kake son ka ɓoye masa, kuma idan bai koyi yadda ake tattauna ta da hujja a gabanka ba, zai koya a majalisar mai shayi da dandalin sada zumunta. Abin da za ka sauya shi ne hanyar. Kuskuren da na hango a darasinka, in ka yarda da maganar tsoho, shi ne kai ka ba da labarin da bakinka daga farko har ƙarshe, kai kuma ka yanke hukunci. Duk abin da ya fito daga bakinka ana iya yanka shi. Ka kawo takardun: dokar masarautu ta 2019, dokar da ta soke ta a 2024, sanarwar tuɓewar 2020. Ka raba musu, ka ce su nemo wane sashe ne ya ba gwamna iko, wane dalili aka bayar a rubuce, wane mataki doka ta ce a bi kafin a yanke hukunci. Sannan ka sa mai jar hula ya tashi ya kare matakin 2020 da iyakar ƙarfin hujjarsa, abokin hamayyarsa kuma ya kare na 2024. Za su yi gunaguni, amma za su yi, kuma wanda ya taɓa tsayawa ya kare ra'ayin da ba nasa ba a gaban mutum ɗari biyu ba ya komawa yadda yake a da.

Na yi wannan a 1993 bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, lokacin da ajina ya rabu tsakanin 'yan Kudu da 'yan Arewa har aka daina ara wa juna littafin rubutu. A nan ne kuma na koyi abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Wata rana bayan an kafe sakamako, wani yaro daga Kudu maso Yamma ya same ni a ofis, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza takarda a hannunsa, ya ce ya san dalilin da ya sa na ba shi maki kaɗan. Ya ɗauka saboda ya goyi bayan Abiola, wanda ake ganin shi ya lashe zaɓen, a muhawara ne. Na ciro takardarsa, muka bi ta layi-layi, ya ga ya bar tambaya guda bai amsa ba. Ya ba ni haƙuri ya tafi, amma ni ban yi barci ba a daren, domin na gane cewa da bai yi ƙarfin halin zuwa ba, da ya fita daga jami'ar yana gaya wa 'ya'yansa cewa wani malami Bahaushe ya zalunce shi. Daga wannan shekara nake naɗe kan takardar jarrabawa in ɗinke da ƙarfe kafin in fara dubawa, kuma duk takardar da ta tsaya a bakin faɗuwa sai in kai wa abokin aikina da na san ra'ayinmu ya saɓa ya sake dubawa. Na kuma sanar da ɗalibai cewa haka nake yi. Idan yaro ya tabbata cewa launin hularsa ba zai taɓa makinsa ba, zai jure jin abin da ba ya so daga gare ka.

Abu guda kuma ka tsallake a darasinka. A tarzomar 10 ga Yulin 1981 an kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, kuma shi malamin kimiyyar siyasa ne kamar kai. Ya kamata yaran su san wannan, domin su fahimci cewa abin da suke yanka suna watsawa yana iya ƙarewa a ƙofar gidan mutum.

Malama daga Sashen Kimiyya:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina so in kawo wani gefen, domin idan ana maganar koyarwa a lokacin hargitsin siyasa sai a ɗauka malaman siyasa da tarihi kaɗai abin ya shafa. Ni ilmin sinadarai nake koyarwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar bidiyona, amma siyasa ta shigo ɗakin gwaje-gwajena ta ƙofar kalanda.

A duba lissafin. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya haɗu da annobar korona, aka yi wata tara. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, aka kuma riƙe albashinmu. Muna cikin ƙoƙarin cike giɓin sai aka ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris 2023 saboda zaɓe, ga ƙarancin takardun naira ya sa ɗalibi yana da kuɗi a banki amma ba shi da na mota. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai. A watan Agustan 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin makonni, kuma idan aka dawo sai a ce a matse zangon da ya kamata ya kai mako goma sha biyar a cikin tara ko goma. Malamin tarihi yana iya ba da karatu a yi a gida. Ni ba zan iya ba yarinya gwajin asid ta je ta yi a ɗakin girkin mahaifiyarta ba.

Abin da na koya shi ne in zauna tun farkon zango in ware abin da ba zai yiwu ɗalibi ya wuce ajina bai iya shi da hannunsa ba, in sa shi a makonnin farko, ba a tsakiya ba kamar yadda littafi ya tsara, domin ban san ranar da za a ce a kulle ƙofa ba. Na kuma daina yin gwajin ba-zata. Akwai wata ɗaliba da ta yi fashin aji uku a jere bayan ƙarin kuɗin mota, da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce ita da ƙanwarta suke karɓa-karɓa, yau wannan ta zo makaranta gobe waccan. Tun daga ranar nake ɗora taƙaitaccen bayanin kowace lacca da murya a zauren WhatsApp na ajin.

Malam, abin da nake nufi shi ne, cikin mutum ɗari biyun nan da kake gani, masu ɗaga waya ba su fi goma ba. Saura sun zo da yunwa da bashin kuɗin rajista, kuma su ma hargitsin ne ya taɓa su. Kada goman nan su cinye maka hankali har ka manta da sauran.

Malamin Tarihi daga Nijar:

Ina gaishe da Baba da Malama da mai tambaya. Ina koyar da tarihi a ɗaya daga cikin jami'o'in cikin ƙasa a nan Nijar, kuma abin da ya same mu bayan 26 ga Yulin 2023, ranar da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, kishiyar naku ne. Ku ajinku ya rabu biyu. Mu namu ya haɗe ya zama baki ɗaya, kuma na ga wannan ya fi wahalar koyarwa.

Dole a fahimci dalilin. Ƙungiyar CEDEAO, wadda kuke kira ECOWAS, ta sa mana takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ana kuma maganar kawo mana yaƙi. Ɗalibi yana karatu da fitilar waya, abinci da magani sun yi tsada, to wa zai gaya masa kada ya yi fushi? Da sojojin Faransa suka gama ficewa a watan Disambar 2023, yaran sun ji cewa tarihin da suke karantawa ya tashi daga takarda yana tafiya a kan titi. A wannan shekarar ban taɓa ganin ɗakin lacca ya cika kamar ranar da na yi darasin ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine na 1899 ba, da kisan da suka yi a Birnin Ƙonni, da turjiyar Sarauniya a Lugu. Har a tagogi aka tsaya. Wannan tarihi gaskiya ne, kuma na koyar da shi ba tare da rage masa ɗaci ba.

Wahalar ta zo ne a mako na gaba, da na zo kan abin da muka yi wa kanmu tun daga jajibirin samun 'yanci: haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959 da farautar 'ya'yanta, da juyin mulkin 1974, da na 1996, da na 1999, da na 2010. Wani ɗalibi ya miƙe ya ce yanzu ba lokacin wannan ba ne, ƙasa tana cikin yaƙin neman 'yanci, duk mai tono irin wannan yana yi wa maƙiya aiki. Ɗakin ya yi tafi. Ban yi masa gardama ba. Na tambaye shi ko ya san abin da ya faru a Gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990. Ya sani, domin kowane ɗalibin Nijar ya san ranar da jami'an tsaro suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a zamanin Janar Ali Saibou, kuma ƙungiyar ɗalibai tana tunawa da ita kowace shekara. Na ce masa waɗannan yara su ma an gaya musu ba lokacin magana ba ne, kuma jininsu yana cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, wanda malamin tarihi, Farfesa André Salifou, ya shugabanta. Daga nan na raba musu sanarwar farko ta kowane juyin mulki, na ce su ja layi a ƙarƙashin dalilan da aka bayar da alkawuran da aka ɗauka, su kwatanta da kansu. Ban faɗi ko kalma ɗaya a kan gwamnati mai ci ba, kuma ban buƙaci faɗa ba.

Saboda haka na yarda da Baba a kan kawo takarda. Inda nake da ɗan ja shi ne, takarda ba ta kare malami ɗari bisa ɗari, domin zaɓen takardar da za ka kawo shi ma matsayi ne, kuma yara masu wayo sun san haka. Gara ka gaya musu a fili dalilin da ya sa ka zaɓi waɗannan, ka kuma ba su dama su kawo wadda suke ganin ka bari.

Lauya Mai Koyarwa:

Nawa gajere ne, Malam, kuma na kariya ne. Daga yau ka riƙa naɗar laccarka gaba ɗaya da wayarka, ka sanar da ajin cewa kana yi, ka ajiye da kwanan wata. Ranar da aka yanko daƙiƙa arba'in, kana da sa'a biyun da za ka ajiye a gaban shugaban sashe ko kwamitin ladabtarwa. Ka kuma kai masa tsarin darussanka a rubuce ya sa hannu tun kafin ka shiga makon juyin mulki, domin abin da aka ɗauke ka ka koyar shi ne abin da ke cikin manhajar da jami'a ta amince da ita, kuma sarauta da zaɓe suna ciki.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi da isar da ilmi, amma kada ka manta ya ba yaran ma. Ban ba ka shawarar ka nemi a hukunta wanda ya ɗora bidiyon ba. A 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa, kuma a watan Nuwambar 2024 duk mun ga yara ƙanana suna faɗuwa a kotun Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa bayan zanga-zangar Agusta. Yaran nan sun riga sun ga yadda masu iko suke amsa magana. Idan malaminsu ma ya amsa da irin wannan, darasin da za su ɗauka ke nan, ba na cikin allo ba.

Game da makon zaɓe kuma, ka shirya wa tambayar da ba makawa sai an yi maka. Tun zamanin Farfesa Jega a hukumar zaɓe ake ɗaukar malaman jami'a su tattara sakamako su bayyana, kuma a 2021 kotu a Akwa Ibom ta ɗaure wani farfesa shekara 3 saboda sauya alƙaluma. Wani zai tashi ya ce ai ku ne kuke yin maguɗin. Kada ka kare mu a jumlace.

Sabon Malami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi gyaran, kuma gaskiya ne ban ambaci Dakta Bala Muhammad ba, alhali na san labarin. Ina jin na tsallake shi ne saboda ya yi mini kusa da yawa.

Jiya Talata na shiga darasin juyin mulki. Na ajiye wayata a kan tebur na gaya musu ina naɗa, na ce duk mai son cikakkiyar laccar ya karɓa a wurin wakilin aji. Na yi musu bayanin yadda zan duba jarrabawa, har na nuna musu yadda zan naɗe kan takardar, sai na ji ɗakin ya yi shiru irin wanda ban saba ji ba. Daga nan na bi hanyar ɗan'uwanmu na Nijar, na raba musu jawabin Manjo Nzeogwu na Janairun 1966, da sanarwar da Birgediya Sani Abacha ya karanta ranar 31 ga Disambar 1983, na ce su nemo abin da kowanne ya ce ya zo gyarawa. Wata ɗaliba da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu ta ce ƙorafin da ke cikin takardar 1983 a kan asibitoci da albashi da tsadar abinci kamar jiya aka rubuta shi. Wani daga layin masu jar hula ya ce to ai wannan hujja ce cewa soja ne mafita, sai wani daga ɗaya gefen ya tambaye shi me ya sa aka sake karanta irin wannan ƙorafi a juyin mulkin watan Agustan 1985 idan har an gyara. Suka yi ta yi kusan minti ashirin, ni ina tsaye a gefen allo ina rubuta shekarun da suke ambata.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Wayoyi biyu ko uku suna nan a ɗage, kuma da aka tashi wani yaro ya biyo ni har bakin ofis yana cewa dole in gaya masa wane sarki nake ganin shi ne na gaskiya. Na ce masa maganar tana gaban kotu, kuma aikina in koya masa yadda zai karanta hukuncin idan ya fito. Ya ce wannan zillewa ce. Baba, a nan ne har yanzu ban samu natsuwa ba, domin su Dakta Bala Usman da kuka ambata ba su taɓa ɓoye matsayinsu ba, kuma saboda haka ake tunawa da su.

Tsohon Malami Mai Ritaya:

Ba su ɓoye ba, ɗana, amma ka duba inda suke faɗa: a laccar jama'a, a jarida, a taron ƙungiya, da sunansu a ƙasa, inda wanda ya ƙi zai iya tashi ya mayar musu da martani ba tare da tsoron faɗuwa jarrabawa ba. Idan kana da matsayi a kan masarautar Kano, ka rubuta shi ka aika wa jarida, ka ɗauki abin da zai biyo baya. Yaron da ya biyo ka ofis kuwa, ka ce masa ya dawo ya sake tambayar ka ranar da ka miƙa makinsa na ƙarshe, kuma idan ya dawo ka ba shi amsa.